Tsirkiya ɗaya, makirufo ɗaya: Yadda za a adana sautin goge da garaya a Yola da Jimeta

A yawancin bukukuwan da ake yi a Jimeta a yau, idan aka gayyaci mai goge ko mai garaya, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Za a ɗauko makirufon da aka jona da manyan lasifikoki, wani yaro ya tsuguna ya riƙe masa shi dab da ƙwarya, janareto na ruri a bayan rumfa, wayoyi kuma suna sama kowa na ɗauka. Washegari abin da zai zagaya a WhatsApp wata ƙara ce mai tsaga kunne, wadda sai an kasa kunne sosai kafin a gane goge ne. Mutumin da ya shafe shekara arba'in yana gyara hannunsa a kan tsirkiya, sau da yawa wannan ne kaɗai abin da jikokinsa za su ji bayan ya kwanta dama.

Matasan da ke da ɗakunan ɗaukar waƙa a garin sun gwanance a wani fanni daban. Sun saba da kiɗan fiyano da na kwamfuta, inda sauti ke shiga ta waya kai tsaye ba tare da ya ratsa iska ba, makirufo kuma na mawaƙi ne kawai. Ranar da dattijo ya shigo da gogensa a jakar fata, sai a rasa inda za a sa makirufon, a yi ta ƙara masa amsa-kuwwa ta kwamfuta, a ƙarshe a ce ai kayan aiki ne ba su kai ba. Abin da masu wannan sana'a suka daɗe da sani a ko'ina a duniya shi ne, a wajen abin kiɗan da ba ya amfani da lantarki, ɗakin da aka zaɓa da sa'ar da aka zauna da wurin da aka kafa makirufo su ne ke yanke hukunci, tun kafin a zo maganar tsadar na'ura. Dukkansu ukun kuwa suna hannun mai ɗauka, ko da a Doubeli yake ko a Wuro Hausa.

Kayan kiɗa masu ƙaramar murya

Adamawa ta tara kayan kiɗa na tsirkiya fiye da yadda baƙo zai zata. Tun bayan da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, garin ya zama mahaɗar Fulani da Hausawa da Barebari da al'ummun da aka tarar a bakin Binuwai irin su Bata da Verre. Akwai goge, wanda Fulanin yankin ke kira geegeeru: rabin ƙwarya da aka rufe da fatar guza ko damo, tsirkiyarsa ta izgar doki, ana goga ta da ɗan baka shi ma na izga. Akwai ƙanwarsa kukuma. Akwai garaya mai tsirkiya biyu da aka fi sani da maharba, da molo mai tsirkiya uku, da gurmi, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya wanda marigayi Ɗanmaraya Jos ya kai shi ko'ina a duniya kafin rasuwarsa a watan Yunin 2015.

A arewacin jihar kuma, a duwatsun Mandara da suka raba Najeriya da Kamaru, akwai wani abin kiɗa mai lanƙwasasshen wuya kamar bakan maharbi, yawanci da tsirkiya biyar waɗanda ke tashi daga kan fata su miƙe zuwa wuyan, kowace da muryarta, ana fizgarsu da yatsu. Dangi ɗaya yake da kora ta ƙasashen Mali da Gambiya mai tsirkiya 21, da kuma babbar garayar Turai mai tsirkiya 47 da matakai bakwai na ƙafa. A 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Madagali da Michika da Mubi, dubban mutanen wannan yanki sun kwararo Yola, wasu zuwa sansanoni irin na Malkohi da Damare, wasu zuwa gidajen 'yan uwa. Da yawa sun koma, wasu sun zauna, kuma ba kowane ɗa ne ya tsaya ya koyi abin da mahaifinsa ke kaɗawa a kan dutse ba.

Abin da ya haɗa waɗannan kaya shi ne ƙarancin murya. An ƙera su ne don zaure ko inuwar bishiya, inda masu sauraro ba su wuce 'yan taku kaɗan ba. Algaita da kakaki da tamburan da ake ji a ƙofar fadar Lamiɗo ranar hawan salla suna iya danne hayaniyar gari. Molo kuwa, ƙarar fankar silin kaɗai ta isa ta cinye rabin abin da yake faɗa.

Darasi daga Bamako

A daren 22 ga Satumba, 1997, ranar bikin 'yancin kan Mali, makaɗan kora biyu, Toumani Diabaté da Ballaké Sissoko, suka zauna a wani falo mai daɓen marmara a cikin babban zauren taro na Bamako. An zaɓi wurin ne saboda yadda sauti ke yawo a cikinsa. Injiniya Nick Parker ya kafa makirufonsa, mai shirya faifan Lucy Durán tana gefe, aka ɗauki kiɗan a wannan dare. Faifan, mai suna New Ancient Strings, ya fito a 1999, kuma har yau ana kafa misali da shi idan ana maganar ɗaukar kayan tsirkiya na Afirka. Shekaru goma kafin wannan dare, a 1987, Toumani ya ɗauki faifansa Kaira a Landan a zama ɗaya, shi kaɗai da korarsa. Ya rasu a watan Yulin 2024, amma duk mai son jin yadda yatsunsa ke aiki zai ji su tangaran.

A nan gida ma an taɓa yin irin wannan aiki. A farkon shekarun 1960 wani Ba'amurke mai nazarin al'adu, David Ames, ya zauna a Zariya yana ɗaukar makaɗan Hausa da na'urar tef da ake ɗauka a hannu. An fitar da wasu daga cikin abubuwan da ya ɗauka a jerin fayafayan hukumar UNESCO, sannan a 1971 shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Ƙaramar rakoda irin ta Zoom ko Tascam da ake sayarwa a yau ta fi waccan na'ura tsabtar sauti nesa ba kusa ba. Abin da mutanen wancan zamani suka fi mu shi ne haƙurin neman wuri da jiran lokaci.

A fara da ɗaki

Ɗakin zamani na Jimeta, mai bangon bulo da aka shafe da siminti, daɓen tayil da rufin kwano, yana daga cikin mafi munin wuraren da za a ɗauki goge. Bango huɗu masu santsi da ke fuskantar juna suna jefa wa juna sauti kamar ƙwallo, sai kiɗan ya fito da wani kaifi na ƙarfe. Gwajin abu ne mai sauƙi: a tsaya a tsakiyar ɗakin a tafa hannu sau ɗaya. Idan bayan tafin aka ji wani ɗan zirrr yana bi, ɗakin na buƙatar gyara ko sauyi.

Akwai kuma lissafi a ciki. Sauti na tafiyar kimanin mita 350 a sakan ɗaya a irin zafin Yola. Ɗakin da faɗinsa ya kai mita uku da rabi yakan kumbura duk wani gurnani da ke girgiza kusan sau 50 a sakan, kuma a wannan yanki ne gunjin wutar lantarkin Najeriya yake, kusa da shi kuma rurin janareto da na tirelolin da ke wucewa zuwa gadar Jimeta. Ƙaramin ɗaki mai kusurwa huɗu yana ƙara wa hayaniyar waje ƙarfi a daidai lokacin da yake matse kiɗan.

Tsohon zaure na ƙasa, irin wanda har yanzu ake samu a cikin garin Yola da ƙauyukan Girei da Fufore, ya fi sitidiyo da yawa dacewa. Kaurin bangon yana tare hayaniya, rashin santsinsa yana watsa sauti ta ko'ina, rufin azara ko na ciyawa ba ya amsawa kamar kwano, ga shi da sanyi ba sai an kunna fanka ba. Inda babu zaure, ana iya gyara falo da abin da ke cikin gida: a shimfiɗa darduma ko tabarma biyu a ƙarƙashin makaɗi, a jingina katifa a bango ɗaya daga cikin kowane biyu masu fuskantar juna, a saki labule masu kauri, a bar kujeru da kabad ɗin tufafi a buɗe su sha nasu rabon. Kada makaɗi ya zauna a kusurwa ko a tsakiyar ɗaki cif. Wuri mafi kyau yakan kasance kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin.

Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana ƙara shigowa, kuma ɗan abin da yake tsotsewa na sama-sama ne. Sannan ba a so a toshe ɗakin gaba ɗaya har ya mutu. Garaya na buƙatar ɗan fili da sautin zai juya ya dawo, shi ya sa ake rufe bango ɗaya a bar ɗaya.

Sa'a da yanayi

Kowane gari yana da lokacin da yake yin shiru. A Jimeta, da zarar gari ya waye Keke Napep sun fito, kasuwa ta buɗe, injin markaɗe da na masu walda sun tashi, jirage kuma na sauka a filin jirgin da ke cikin gari. Da magariba janaretoci ke karɓar aiki. Lokaci biyu ne suka rage: tsakar dare bayan an kashe injuna, da ɗan tsakanin nan na bayan sallar asuba zuwa hantsi. Mai ɗauka ya riƙe jadawalin kiran salla a kansa, ya tsaida aiki kafin ladan ya fara, don girmamawa da kuma don kada ya ɓata ɗauka mai kyau a tsakiya.

Yanayin shekara ma yana da nasa sharaɗi, domin waɗannan kaya fata ce da itace da gashi. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fata kan bushe ta ɗaure, sautin ya fito tas da kaifi, amma ƙura na shiga makirufo, iska kuma na busa shi. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga shi dole a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki kafin a danna ɗauka. Dabarar ita ce a sanyaya ɗakin tukuna, a kashe komai, a ɗauki minti goma, a buɗe ƙofa a sha ruwa, sannan a koma. Da damina danshi kan saki fata har sautin ya dushe, shi ya sa makaɗa ke shanya kayansu a rana ko su ɗumama su kusa da garwashi kafin su fara. A bar makaɗi ya yi wannan a natse, shi ya san lokacin da fatarsa ta yi daidai. Ruwan sama a kan kwano ba shi da magani sai jira, haka kuma kukan kwaɗi da gyare a unguwannin da ke kusa da tafkin Geriyo.

Makirufo mai laushin ji, wanda ake kira kondensa, ba ya shiri da danshi: yakan fara ƙaras-ƙaras kamar ana toya gyaɗa. A riƙa ajiye shi a akwati mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani.

Inda ake kafa makirufo

Kafin a taɓa kowace na'ura, mai ɗauka ya sa makaɗi ya fara kiɗa, shi kuma ya toshe kunne ɗaya da yatsa ya zagaya shi a hankali, yana durƙusawa yana miƙewa, yana matsowa yana ja da baya. Inda kunnen da ke buɗe ya ji kiɗan ya cika, a nan makirufo zai zauna. Wannan ɗan zagaye na minti biyu ya fi awa guda na gyara a kwamfuta.

Ƙa'ida ta farko ita ce ta tazara. Duk lokacin da aka ninka nisan da ke tsakanin makirufo da abin kiɗa, ƙarfin sautin na raguwa da kusan desibel 6, alhali hayaniyar waje tana nan yadda take. Wannan ke sa a wuri mai hayaniya ake matsowa. Sai dai kusantar tana da iyaka. Makirufon da ke ji ta gaba kawai, idan ya matso ƙasa da taƙi ɗaya ko biyu, yakan kumbura ƙasan sauti har molo ya koma kamar ganga, kuma ɓangare ɗaya na abin kiɗan zai ji. Ga garaya da molo da gurmi, a fara da tazarar santimita 30 zuwa 50, a saita bakin makirufon wajen da wuya ya haɗu da ƙoƙo. Idan aka saita shi kan jaki, wato ɗan itacen da tsirkiya ke hawa, ƙarar farce da yatsa za ta yi yawa. Idan aka saita shi kan ramin fata, sai gunji.

Goge ya fi son tazara. Gogar izga a kan izga, musamman idan an shafa ƙaro sosai, tana da wani ƙaiƙayi wanda kunne ba ya damuwa da shi daga nesa, amma makirufo na kusa yakan tattara shi wuri ɗaya. A ja baya zuwa santimita 60 ko mita ɗaya, a ɗaga makirufon sama da kafaɗar makaɗi yana kallon ƙwaryar a karkace. Haka kuma mai goge ba ya zama cak, jikinsa na bin kiɗan, tazarar ce ke hana sautin hawa da sauka duk lokacin da ya juya.

Ga abin kiɗan duwatsu mai lanƙwasasshen wuya, da kora, da garayar Turai, ƙa'idar ɗaya ce: sautin na fitowa ne daga fata ko allon da tsirkiyoyin suka kafu a kai, ba daga tsirkiyoyin su kaɗai ba. A kafa makirufo a gefe, kamar santimita 50 zuwa mita ɗaya, yana kallon tsakiyar fatar, inda zai ji doguwar tsirkiya da gajera daidai wa daida. Sarewar makiyaya kuma, a kauce wa hanyar da numfashi ke fita, a sa makirufon ta gefe ko ta sama, a sanya masa hular soso.

Makirufon da ke ji ta gaba kurma ne ta baya. A juya bayansa ga taga ko ƙofar da hayaniya ke shigowa. A ɗora shi a kan sanda mai ƙafa, a sa ɗan tsumma a ƙarƙashin ƙafafun, domin yawancin makaɗa na buga ƙafa a ƙasa ba tare da sun sani ba.

Idan makaɗin shi ne mawaƙin

Yawancin masu garaya da kukuma suna kiɗa suna waƙa a lokaci ɗaya, kuma hannu da baki tare suka koyi aikin. Al'adar sitidiyo ta ɗaukar kiɗa daban, murya daban, a kan bugun agogon kwamfuta, tana rikita su, abin da ke fitowa kuma ba shi da rai. A bar su su yi yadda suka saba. Makirufo ɗaya ya isa idan aka sa shi a gaba, tsakanin baki da abin kiɗa, ana ɗaga shi idan kiɗa ya danne murya, ana sauke shi idan murya ta danne kiɗa, har a sami daidaito.

Idan za a yi amfani da biyu, akwai ƙa'idar uku bisa ɗaya: nisan da ke tsakanin makirufo biyun ya kai aƙalla ninki uku na nisan kowanne daga abin da yake ɗauka. Idan na murya yana santimita 20 daga baki, na kiɗa ya nisance shi da santimita 60 ko fiye. In ba haka ba sauti ɗaya zai isa wurinsu a lokuta biyu mabambanta, wasu sassansa su kashe juna, kiɗan ya fito kamar daga cikin bututu.

Masu son sautin da ke cika kunne biyu suna da hanyoyi sanannu. Akwai wadda ake haɗa kawunan makirufo biyu wuri ɗaya a gicciye, irin yadda suke a saman ƙananan rakodoji. Akwai wadda gidan rediyon Faransa ya tsara a wajajen 1960, inda ake raba su da santimita 17 a buɗe su digiri 110. A Adamawa ta farkon ta fi aminci, domin yawancin masu sauraron ABC Yola da Gotel da Fombina FM suna ji ne ta ƙaramar rediyo ko wayar hannu mai lasifika ɗaya, kuma gicciyen ba ya lalacewa idan aka haɗe ɓangarorin biyu.

Wuta, ƙarfin sauti da wayar hannu

A ɗauka da batir duk lokacin da hali ya yi. Wutar janareto da caja marasa inganci suna shigar da gunji cikin waya, kuma cire shi daga baya na tafiya da wani abu na kiɗan. Kondensa na buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48 da rakoda ke ba shi, wanda ke shan batir da sauri, don haka a tanadi na canji. Inda kondensa bai samu ba, makirufo mai juriya irin Shure SM57, wanda ke kasuwa tun 1965, yana aiki idan an matso da shi kaɗan, kuma ba ya tsoron ƙura ko danshi.

Tsirkiyar da aka fizga tana tashi da ƙarfi farat ɗaya sannan ta lafa. Idan aka buɗe ƙarfin ɗauka da yawa, wannan tashin farko zai bugi rufi ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya ɗinkuwa. A sa makaɗi ya kaɗa mafi ƙarfin abin da zai kaɗa, a daidaita yadda ma'auni zai tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili. A kunna matatar da ke yanke gurnanin da ke ƙasa da girgiza 80 a sakan, tunda waɗannan kaya ba su da abin kirki a can. A sa abin sauraro a kunne daga farko har ƙarshe.

Wanda ba shi da komai sai waya ma zai iya yin abin kirki. Ya sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya shigo. Ya ɗora ta a kan matashi ko sanda, kada ya riƙe a hannu. Ya nemi manhajar da ke ba da damar kashe daidaita ƙarfin sauti na kai-tsaye da tace hayaniya, domin an tsara waɗannan ne don maganar mutum, kuma sukan ɗauki doguwar muryar goge a matsayin hayaniya su shaƙe ta. Ya adana a tsarin WAV. Idan zai aika ta WhatsApp, ya aika a matsayin fayil, domin saƙon murya matse sauti yake yi ya zubar da mafi yawansa.

Abin da ba a gogewa

A nan ne matasan injiniyoyi suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. A ƙarshen wuyan garaya da molo akan ɗaura ɗan faifan ƙarfe mai zobba, wanda ke kacau-kacau duk lokacin da aka taɓa tsirkiya. Wanda kunnensa ya saba da kiɗan kwamfuta yakan ɗauka lahani ne, ya nemi a cire, ko ya tace shi daga baya. Makaɗin da kansa ya ɗaura shi, kuma a wurinsa garayar da ba ta ziza ba ta cika ba. Haka ɗan ƙaiƙayin goge da numfashin mai sarewa. Aikin mai ɗauka shi ne ya daidaita su da tazara yadda ba za su rufe sauran ba.

Na biyu shi ne manhajar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 ta kuma mamaye waƙoƙin zamani na Hausa da Fulatanci. Tana jan kowace murya zuwa matakai 12 na fiyanon Turai. Goge da garaya ba a kan waɗannan matakai aka ɗaure su ba. Makaɗi na ɗaure tsirkiyarsa ne daidai da muryarsa da yadda ya gada, yatsan mai goge kuma na zamewa tsakanin murya da murya da gangan. Manhajar za ta miƙe wannan lanƙwasa, ta bar abin da ba goge ba ne, ba kuma fiyano ba. Amsa-kuwwar kwamfuta ma, idan har za a sa, ta zama kamar gishiri a miya. Kafin a kammala, a sa wa makaɗin abin sauraro ya ji, a tambaye shi: Baba, haka gogenka yake? Amsarsa ce ma'auni.

Haƙƙi da ajiya

Kafin kiɗa ya fara, mai ɗauka ya faɗa da bakinsa a cikin faifan: kwanan wata, wuri, sunan makaɗi da garinsu, sunan abin kiɗan a harshensu, wanda ya ƙera shi, da wanda ya koya masa. A sa shi ya fizgi kowace tsirkiya ita kaɗai don a san yadda ya ɗaure su. A ƙarshe kowa ya yi shiru na rabin minti a ɗauki shirun ɗakin, zai yi amfani wajen gyara. Takarda na ɓata, sunan fayil na sauyawa, amma abin da aka faɗa a cikin sautin yana tafiya da shi duk inda ya je.

Sai maganar izini. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai wasa iko a kan ɗaukar wasansa da yaɗa shi. A yi magana a fili, a harshen da makaɗin ke ji, a gaban ɗansa ko wani nasa: me za a yi da faifan, za a sa a YouTube ko rediyo, nawa za a biya yanzu, wa zai karɓi abin da ya shigo daga baya. A ɗauki amincewarsa da muryarsa. Akwai kuma kiɗan da ba na kowa da kowa ba ne, kamar wasu take na maharba ko na makoki, waɗanda sai an tambaya kafin a fitar.

Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada abin da za a adana ya gaza ma'aunin 48 kHz da bit 24. A wannan ma'auni awa ɗaya ta sautin kunne biyu na cin kimanin gigabait ɗaya, abin da ƙaramin katin memori zai ɗauka sau da dama. A yi kwafi uku a wurare daban-daban, ɗaya daga ciki a intanet, kuma kada a taɓa asalin fayil ɗin, a yi gyara a kan kwafi. Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Najeriya da gidajen rediyon jihar duk suna nan cikin gari, kuma su ne wuraren da ya dace irin wannan ajiya ta samu mazauni na dindindin. Kafin nan, kwafin farko na makaɗin ne da iyalinsa, a sa musu a katin da wayarsu ko rediyonsu za ta iya karantawa, a kai musu har gida.